Bargon Kwana Ba Na Murhu Ba Ne

Asabar ɗin da ta wuce na leƙa gidan ɗan ƙanwata a nan Miniyafolis, a jihar Minesota ta Amurka, na tarar da shi a bayan gida riƙe da bargo, yana shirin lulluɓa wa sabon murhun gashin da ya saya. Bargon kwana ne, mai laushin nan da ake yi da zaren roba. Na ce, "Kai, ajiye wannan!" Ya ce, "Kawu, ai na gani a waya, rufe shi ake yi da sanyi." A waya! Raina ya ɓaci ƙwarai, domin abin da na aikata ne yake shirin maimaitawa.

Murhun nan na ƙarfe ne, da lantarki yake aiki. Ana zuba masa ƙananan curin dusar katako da ake kira pelet a akwatin gefe, wani ƙarfe mai kama da sukuru yana turo su kaɗan-kaɗan cikin ramin wuta, fanka tana hurawa. Jikinsa ba kauri, shi ya sa da sanyi zafin yake gudu, ya yi ta cin pelet nama bai nuna ba.

Ƙarshen Janairun 2019 matata ta haihu. Duk wanda yake Minesota a lokacin ya san makon da nake nufi, sanyi ya sauka ƙasa da digiri 30 a ƙarƙashin sifili, makarantu a rufe. Ranar suna ta faɗo cikin wannan makon. An yanka rago, na ce ni zan gasa da hannuna. Dattawa sun ce a bari a dafa a ciki, na ƙi. Har yau ina ganin ina da hujja. Ɗan fari ne, ba dangi kusa, ina so baƙi su ji ƙamshin gida. Wa zai zarge ni?

Tun asuba na kunna. Ina neman digiri 107, murhun ya kasa kaiwa. Na yi ta buɗe murfi ina dubawa, kowace buɗawa ɗan zafin da ya taru yana fita. Sai na shiga ɗaki na ɗauko bargon da muka zo da shi daga Zariya na rufe murhun ruf, har da bututun hayaƙi. Zafi ya fara hawa, na ji daɗi. Can sai wani wari ya taso. Bargon ya narke ta gefen ramin wuta, ya manne wa ƙarfe kamar ƙaro, hayaƙi kuma ya rasa hanya yana komawa ta akwatin pelet. Na fizge shi da hannu. Tabon yana nan a tafin hannuna na dama.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Na ja murhun na shigar da shi gareji, na sauke ƙofa na bar ɗan tsagi a ƙasa. Garejin manne yake da gida, mai jego da jariri suna ciki. Na san ana maganar iskar kabon monoksaid, iska mai guba da wuta ke fitarwa, wadda ba ta da wari ba ta da launi, amma na ce ai na bar tsagi. Yatsuna sun daskare, baƙi suna hanya, mutum ba ya tunani daidai a irin wannan hali. Ba kare kaina nake yi ba. Ƙararrawar hayaƙi ce ta fara ihu a cikin gida, na shiga na ga matata dafe da kai. Muka buɗe tagogi cikin wannan sanyin, aka naɗe jariri aka kai gidan maƙwabta. Allah ne ya tsare. Naman kuwa, ya daɗe a ɗumi-ɗumi ga warin roba, zubar da shi muka yi.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, samari, amma na san ba za ku karanta ba, ku da ba kwa iya kallon abu minti biyu. To ga kaɗan. Kada murhun nan ya shiga gareji, ko da ƙofa a wangale. Bargon kwana, darduma, kwali, duk ku nisanta su da shi. In za a rufe, a sa rigar da aka ɗinka don murhun, ko bargon masu walda na zaren gilas, a bar bututun hayaƙi da akwatin pelet a buɗe. Ku sa shi inda iska ba ta dukansa, don iska ta fi sanyin kansa satar zafi. Pelet ya zauna a busasshen wuri, in ya ji laima kumbura yake ya toshe sukurun.

Gaskiya ma, in sanyi ya kai irin na wancan makon, ku haƙura ku dafa a ciki. Ko da yake ba na son wannan lalacin naku na sayo komai dafaffe. Namiji ya iya gasa ragon sunan ɗansa, ko ƙanƙara na zuba.

Na nuna wa yaron tafin hannuna. Ya yi shiru, ya ninke bargon. Muka shiga mota zuwa shagon kayan walda, muna tafe yana ta latsa waya, wai yana duba ko abin da na faɗa haka ne.