Ranar da palet ya danne min ƙafa a Hamburg

Ina da kamar wata tara a Jamus na samu aikin sito can wajen tashar jiragen ruwa ta Hamburg, ta hannun kamfanonin nan masu ba da hayar ma'aikata. Aikin dai ɗaga kwali ne, jera kan palet (katakon da ake ɗora kaya a kai), naɗe da leda, ja da keken ƙarfe. Ni da na yi dako a Kwari ina yaro wannan ai wasa ne.

Wata Laraba da sassafe palet ɗin ruwan kwalba ya zame ya sauko min a ƙafar hagu, kuma bai sauka kan ƙarfen bakin takalmin ba, sai can baya inda babu komai sai fata. Wallahi na ga taurari. Amma da wani ɗan Poland da muke layi ɗaya ya rugo yana tambaya sai na ce masa ba komai, na ƙarasa awa takwas ɗina ina ɗingishi, don a raina ina ganin in na buɗe baki gobe za a ce kar in dawo, ga haya ga mutanen gida suna jira. Na koma ɗaki na gasa da ruwan zafi na shafa man zafi na ɗaure da tsohuwar singileti. Da asuba ƙafa ta zama kamar gwanda.

Akwai wani dattijo ɗan zangon Kumasi da muke haɗuwa a masallaci a Steindamm, ya fi shekara talatin a ƙasar nan, shi na kira. Ko sannu bai ce min ba, cewa ya yi "Yaro, an rubuta?" Na ce Baba rubuta me? Ashe kowane wurin aiki akwai littafin da ake rubuta rauni, ko yankan reza ne. Ya yi min faɗa sosai, sannan ya ce kar in je wurin likitana na kullum, in nemi wanda ake ce wa D-Arzt, su ne likitocin haɗarin aiki.

Hoto ya nuna ƙashi biyu sun tsage. Likitan ya fara jero tambaya, ƙarfe nawa, a ina, wa ya gani, wace BG ce taku. Na yi tsuru. BG ɗin nan gajarta ce ta Berufsgenossenschaft (har yau sai na ja numfashi kafin in faɗa), wato inshorar haɗarin aiki, kuma kowace sana'a da tata, guda 9 ne na kamfanoni. Magina BG BAU, masu kicin da gidan abinci BGN, direbobi BG Verkehr, masu jinya BGW. Da siton ne ya ɗauke ni kai tsaye da BGHW ce tawa, amma tunda ni ɗan haya ne sai na faɗa VBG. Abin da ya fi ɗaure min kai, ko sisi ba a cira a albashina, mai kamfani ne ke biya shi kaɗai, kuma gwargwadon haɗarin sana'a, mai aikin rufin gida ba zai biya daidai da mai ofis ba. Tun 1884 zamanin Bismarck suke da wannan tsari fa.

Shirun da na yi ya so ya ja min. Takarda ta zo gida mai shafi-shafi ana tambayar me ya sa ban faɗa ranar ba, shugaban sashenmu kuma ya ɗaure fuska wai shi bai ga komai ba, alhali doka ta ce in rauni ya hana ka aiki sama da kwana 3 dole kamfani ya kai rahoto cikin kwana 3. Ɗan Poland ɗin nan da na ce wa ba komai shi ya ba da shaida. Allah ya saka masa.

Sati 9 na yi a gida. Sati 6 na farko cikakken albashi daga kamfani, bayan nan BG ta karɓa da kuɗin da suke ce wa Verletztengeld, kashi 80 na albashi kafin haraji amma ba ya wuce abin da ka saba gani a akawun. Sanda, gashin ƙafa wurin masu motsa jiki, magani, duk su, ko yuro 5 ɗin nan da ake biya a kemis ban biya ba. Baba ya ƙara min da cewa har hanyar zuwa aiki da dawowa tana ciki, in santsin ƙanƙara ya kayar da kai a tashar bas haɗarin aiki ne, sai dai in ka ratse sayen tumatir to wannan ratsen naka ne. Ko masu aiki a ɓoye ba takarda inshorar ta rufe su, mai aikin ake bi ya biya daga baya, amma fa wanda zamansa bai daidaita ba na san abin da zai hana shi zuwa, ba zan ga laifinsa ba.

A gida Najeriya ma ashe akwai irin wannan doka tun 2010, kamfani na zuba kashi 1 na albashi a NSITF, wato asusun inshorar ma'aikata, ni dai a kasuwa ban taɓa jin ta ba, in buhu ya karya ɗan dako mai kaya ya ba da na ɗori a ce Allah ya kiyaye gaba.

Umma sai da na warke na gaya mata. Ta yi salati ta ce "Yanzu duk garin nan babu mai ɗori?" Na ce Umma akwai, amma sai da fom.