Masa ta tafi, cakulan ya dawo

Asabar, Essen, Jamus. Sanyi sai abin da ya ƙaru.

Masa dai ta yi kyau yau, alhamdulillahi. Gajeriyar shinkafar nan da suke dafawa da madara na jiƙa tun jiya, yadda Anti Rabi ta ce, na kwantar da ƙullun a gindin hita. Kafin asuba har yana neman zubowa. Baban Amira ko miya bai jira ba, a tsaye ya fara ci daga bakin tanda, sannan ya ja Sadiq suka tafi cefane, tunda gobe Lahadi manyan kantuna duk a kulle suke. Sadiq da jakar kwalabensa. Santi 25 ake biya kan yawancin na roba in an mayar da su kanti, yaron nan ya mai da abin sana'a, ko ruwa ban gama sha ba yana tsaye a kaina.

Da na ga masar ta yi yawa sai na ce bari na kai wa tsohuwar da ƙofarta ke kallon tamu. Kun san ta, mai ƙaramin karen nan da ake sa wa riga. Tun zuwanmu gaisuwar matakala ce kawai tsakaninmu, kalma ɗaya, kowa ya wuce. Na jera masa a farantin tangaran, na zuba miyar taushe a ɗan kwano, na ja Amira don Jamusancinta ya dame nawa ya shanye.

Sai da ta leƙo ta 'yar hudar ƙofa kafin ta buɗe. Ta kalli faranti, ta kalle ni.

"Mama, wai bikin me muke yi?" in ji Amira.

Na ce ki gaya mata ba biki, girki na yi ya yi yawa.

"Wai me ke ciki?"

Na shiga lissafi a tsaye, hannuna na ƙonewa: shinkafa, yis, sukari, ɗan albasa. Da muka zo kan miya na ambaci gyaɗa, sai ta ɗaga hannu. Gyaɗa ba ta karɓe ta ba. Wannan kam ban ji haushi ba, lafiya ce. Kwanon miya ya dawo hannun Amira. Sai kuma ta tambayi yaushe nake son farantina. Na ce duk ranar da ta ga dama. Wallahi sai na ga hankalin matar ya tashi, ta sake tambaya, yau ko gobe?

Ko awa ɗaya ba a yi ba aka danna ƙararrawa. Ga faranti an wanke an goge yana ƙyalli, a kansa kwalin cakulan mai kintinkiri, da ɗan kati an rubuta godiya. Ta miƙo, ta yi murmushi, ta juya.

Abin nan ya tsaya mini a rai har yanzu.

Baban Amira da ya dawo dariya ya yi ta yi. "Haba Hajiya, tukwici aka ba ki kike ɓata rai?" Na ce a'a, Alhaji, tukwici ɗan aike ake ba wa, kuma ba ya kai kuɗin abin da aka kawo. Wannan kwalin na san shi a kanti, ya fi kuɗin shinkafar da man duka. Biyana ta yi. Can gida, kwanon Umma sai ya yi sati biyu a gidan Inna Talatu, ranar da zai dawo da danwake ko ɗan zogale a ciki, kafin nan wani kwanon ya riga ya tafi. Ba wanda ya taɓa zama ya ƙirga wa ke bin wa. Ita kuwa wannan baiwar Allah ko kwana ɗaya ba ta yarda ta yi da nauyina a kanta ba.

Shi cewa yake yi mutunci ne irin nasu, ba sa son ɗora wa kowa ɗawainiya, kuma tsohuwa mai zaman kaɗaici da ta saba ba mai buga mata ƙofa sai ɗan kai wasiƙa, me kike so ta yi? Wataƙila da gaskiyarsa. Amma ni so nake wata rana gishirina ya ƙare in tura Sadiq ƙofar wani ba tare da na ji kunya ba. A duk benen nan babu ƙofa ɗaya da zan iya.

Azahar, la'asar, magariba, duk a jere suke zuwa yanzu. Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna gari ya yi duhu.

Na kira Umma, network ɗinsu ya ƙi. Ban ma buɗe littafin jarrabawar Jamusanci ta matakin B1 ba, ga Litinin ta matso.

Au, cakulan ɗin. Sadiq har ya kai hannu, babansa ya juya bayan kwalin ya karanta. Da giya a ciki. Yana nan kan firji, ba mu ci ba, ba halin mayarwa, kuma na tabbata in muka haɗu a matakala sai ta tambayi Amira ko ya yi daɗi.