Sojojin Baka da Agogon Situdiyo

A Kano, da an idar da sallar isha'i, mai shayi da ɗan adaidaita sahu da uwargida a tsakar gida duk kunnensu na wuri ɗaya: shirin siyasa a rediyo. Na yi aikin shirya irin wannan shiri a wata tashar FM mai zaman kanta tun gabanin zaɓen 2019 har bayan na 2023. Aikina shi ne nemo baƙi, tsara tambayoyi tare da mai gabatarwa, tace muryoyin da aka naɗa, sannan in ɗauki waya washegari idan ran wani babba ya ɓaci.

Wannan kasuwa ba ta daɗe ba. Har zuwa 1992 gwamnati ce kaɗai ke da gidan rediyo a Najeriya, sai gwamnatin Babangida ta kafa NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, da doka mai lamba 38 ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. Kano ta jira har ƙarshen 2003 kafin Freedom Radio ta fara aiki, kuma shirinta na Kowane Gauta ya nuna wa kowa cewa akwai jama'a masu ɗimbin yawa da ke ƙishirwar jin ɗan siyasa yana magana da bakinsa, ba a karanto masa sanarwa ba. Daga nan tashoshi suka yawaita, kowace da nata shirin. Amma zambo da habaici a siyasar Kano sun girmi FM nesa ba kusa ba. An yi su a zamanin NEPU da NPC, an yi su lokacin da PRP ta dare gida biyu tsakanin santsi da taɓo. Abin da rediyo ta ƙara shi ne ta mayar da su sana'a, har masu yin ta suka samu suna: sojojin baka.

Wanda bai shiga harkar ba zai ɗauka sojan baka mahaukaci ne da aka sake. Ni da na zauna da su na san yawancinsu masu kaifin basira ne. Mutum ne da ke sauraron tashoshi uku ko huɗu a dare ɗaya, ya haddace abin da abokin hamayya ya faɗa, ya kwana yana saƙa amsa. Ya san karin magana, ya san inda zai ja numfashi don mai sauraro ya yi dariya. Yana da ubangida da ke ɗauke da shi, kuma ya san ranar da muryarsa ta daina cizo, ranar ce za a nemo wani. Don haka idan ya shigo situdiyo da zafi, abincinsa yake karewa.

Ƙa'idar da na tarar a tashar, wadda ni ma na riƙe da farko, ita ce ta agogo. In an ba ɗan jar hula minti biyar, a ba ɗan Gandujiyya minti biyar. Wannan ya yi daidai da ruhin doka, domin kundin NBC ya nemi a ji kowane ɓangare, kuma Dokar Zaɓe ta 2022 a sashe na 95 ta ce a raba wa jam'iyyu lokacin kafafen yaɗa labarai daidai wa daida. Idan wani ya kawo ƙorafi, sai mu buɗe littafi mu nuna masa mintuna. Ba wanda zai ce an zalunce shi.

Sai dai da tafiya ta yi tafiya na lura da abin da littafin ba ya nunawa. Minti biyar na gugar zana daga wannan ɓangare, minti biyar na ramuwa daga wancan, an tashi shiri ba a ambaci ruwan famfo ba, ba a ambaci ajin da yara suka cika har bakin ƙofa ba, ba a ambaci magudanar da ke cinye gidaje duk damina ba. An yi wa 'yan siyasa biyu adalci, mai sauraro kuwa ya tafi hannu rabbana. Ƙananan jam'iyyu ma ba su cikin lissafin, tunda ba su da wanda ke yi musu yaƙin baki kowane dare. Abin da muke kira daidaito ya zama raba fili tsakanin masu kuɗi biyu.

Mun gwada ɗaya gefen. Muka ware wasu darare muka gayyato malaman jami'a da masana kasafin kuɗi, aka zauna ana bayani cikin natsuwa. Bayanin na da amfani ƙwarai, amma layukan waya suka yi tsit, saƙonni suka ragu, masu talla suka fara tambayar ko an sauya shirin ne. Shugaban sashen talla ya same ni ya ce, "Malam, ni ba na ƙin ilimi. Amma janareta dizal yake sha, kuma ma'aikata na jiran albashi." Ban ga laifinsa ba. A 2022 farashin dizal ya ninka fiye da sau biyu, kuma tashar da ba ta samun wutar kirki kusan rabin rayuwarta a kan janareta take. Shirin da ba a saurara ba ya gyara kowa, komai nagartarsa.

A wannan lokaci na karanta yadda abin ya kasance a Amurka. Tun 1949 hukumar sadarwarsu, FCC, ke da wata ƙa'ida da ta tilasta wa tashoshi kawo ra'ayoyi mabambanta kan batutuwan da ake taƙaddama a kai. Aka soke ta a 1987. Shekara guda bayan haka Rush Limbaugh ya fara shirinsa da ake watsawa a faɗin ƙasar, mutum ɗaya da makirfo, yana kwashe sa'o'i yana faɗin ra'ayinsa cikin barkwanci da zolaya, kuma ya tara miliyoyin masu sauraro. Masu tashoshi suka ga cewa ɓangaranci na kawo kuɗi, suka bi sahu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bambancinmu da su. A can mai gabatarwa ne ya ɗauki ɓangare. A nan mai gabatarwa yakan janye gefe ya ba da hayar makirfo, ya zama mai miƙa magana kawai: "To Alhaji, ka ji abin da suka ce, me za ka ce?" Kuma a ganina wannan janyewar ita ce babbar ɓarakar, domin da ita ake shigo da komai a kira shi adalci.

Abin da ya fitar da mu, gwargwadon yadda muka fita, shi ne ma'ajiyar muryoyi. Duk shirin da aka yi muna da kwafinsa a kwamfuta, amma ba wanda ke komawa kansa. Sai muka fara rarrabe su: wane ne ya yi alkawarin wane titi, wane ne ya rantse ba zai taɓa barin jam'iyya ba, wane ne ya yabi mutumin da yau yake zagi. Idan baƙo ya zo, mai gabatarwa ya bar shi ya yi jawabinsa, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, bari mu ji wata murya." Sai a sako masa muryarsa ta bara. A siyasar da sauya sheƙa ta zama ruwan dare, wannan ma'ajiya ba ta taɓa rasa abin fitarwa. Mai sauraro ya samu abin da yake so, wato ganin gwani a matse yana neman mafita, kuma abin da ya matse shi gaskiya ce da ya faɗa da bakinsa. Wasu sukan fita da dabara har mu ma a ɗakin injiniya mu jinjina musu. Wasu sukan yi fushi su daina zuwa na ɗan lokaci, daga baya su dawo, domin sojan baka ba ya iya zama ba a jin sa.

Sharaɗin wannan dabara ɗaya ne, kuma shi ne mafi wuya: dole a yi wa kowa. Idan ka sako wa ɗan gwamnati tsohuwar muryarsa yau, gobe ka sako wa ɗan adawa tasa, da zafi iri ɗaya. Mutanen Kano ba sa ƙirga mintuna, amma suna jin sautin tambaya. Sun san lokacin da mai gabatarwa ya sassauta murya, sun san lokacin da ya yi dariyar da ba ta dace ba. Nan ne suke yanke hukuncin ko an sayi tasha.

Abu na biyu shi ne fita waje. Muka riƙa aika matasan 'yan rahoto zuwa Kurna da Ɗorayi da Rimin Kebe, da kasuwannin Kantin Kwari da Dawanau, su naɗo tambayoyin mutane. Dattijuwar da ke sayen ruwa a jarka kullum, idan ta yi tambayarta da kalmominta, ba masanin da zai fi ta iya tsara ta, kuma ɗan siyasa ba ya iya yi mata habaici. Sai mu sa wa ɓangarorin biyu wannan tambaya guda: mai mulki ya faɗi abin da ya yi, mai neman mulki ya faɗi abin da zai yi da inda zai samo kuɗin. Wannan ya kuma rage mana wata matsala ta layin waya. Duk wanda ya zauna a ɗakin karɓar kira ya san lambobi kaɗan ne ke maimaita kansu, kuma da yawansu an saka musu kati ne don su kira. Mata kuwa da ƙyar ake jin ɗaya a dare. Da muka buɗe karɓar saƙon murya ta WhatsApp tun da rana, muka samu damar zaɓa, sai ga muryoyin mata da na mutanen ƙananan hukumomin nesa da birni.

Wajen tacewa ne na fi daɗewa ina tunani. Ban taɓa yarda a cire habaici ba. Shi ne yajin miyar, kuma mutanenmu sun san bambancin zolaya da cin mutunci. Abin da nake yankewa shi ne ashar, da taɓa iyaye ko matan aure ko asalin mutum, da zargin sata ko kisa ba tare da takarda ko shari'a ba, da duk wata magana mai kama da kiran matasa su fito. Sojojin baka sukan yi gardama a kan wannan. Wani ya taɓa ce mini, "Malam, ka cire naman ka bar mini romo." Na ce masa, "Alhaji, ka kawo takardar, in mayar maka da shi gobe." Bai kawo ba. Amma daga baya shi da kansa ya koyi faɗin magana mai zafi wadda ba ta ƙetare layi, kuma ta fi ta da daɗin ji, saboda sai ya yi tunani kafin ya same ta.

Makonni biyun da suka fi tsorata ni su ne tsakanin 9 da 23 ga Maris na 2019, bayan INEC ta ce zaɓen gwamnan Kano bai kammala ba. Gari ya ɗauki zafi, kowa na maganar mazaɓar Gama da za a sake zaɓe a cikinta, kuma kowane ɓangare na da alƙaluman da yake so a karanta. A kwanakin nan muka daina sa 'yan siyasa kai tsaye, komai sai an naɗa an saurara, kuma ba mu karanta wani sakamako ba sai wanda jami'in zaɓe ya bayyana. Mun san wasu masu sauraro sun koma inda ake ba su abin da ya fi zafi. Na yarda da wannan asara har zuciyata. Jimla ɗaya a irin wannan dare tana iya fitar da yara kan titi da makamai, kuma 'ya'yan talakawa ne za a kwasa zuwa asibiti.

Akwai kuma shirye-shiryen da 'yan siyasa ke saye ɗungurungum. Ba zan ce a hana ba, domin da su tashoshi da yawa ke numfashi. Abin da na nace a kai shi ne a faɗa a farko da ƙarshe cewa wane ne ya ɗauki nauyi, kuma kada muryar da ke gabatar da shirinmu na tambayoyi ta zama ita ce ke gabatar da na haya. Mai sauraro na da haƙƙin sanin lokacin da ake yi masa talla.

A 2020 gwamnatin tarayya ta ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira dubu 500 zuwa miliyan 5, sannan a watan Mayun 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce NBC ba ta da hurumin cin tara, tunda ita ba kotu ba ce. A watan Mayun 2025 kuma gwamnatin Kano ta sanar da hana shirye-shiryen siyasa na kai tsaye. Na fahimci damuwar, domin na ji kalaman da suka sa ni kashe makirfo da hannuna. Duk da haka ban goyi bayan matakin ba. Gwamnati ɗaya ce daga cikin masu fafatawa, kuma wadda ta hana a 2025 ita ma ta ci moriyar waɗannan shirye-shirye lokacin da take adawa. Shawarar a naɗa ko a sa kai tsaye ta edita ce, ya yanke ta bisa yanayin gari, ya kuma ɗauki alhakinta. Amma dole mu faɗa wa kanmu cewa tashoshin da suka bar makirfo a buɗe ga duk mai biya su ne suka ba da hujjar.

Abin da har na bar aikin ban ga an magance ba shi ne albashi. Matashin da ke gabatar da shirin da dubban mutane ke saurara, wani lokaci sai wata ya wuce bai ga kuɗinsa ba, kuma baƙon da zai yi wa tambaya mai zafi shi ne zai miƙa masa na mai a bakin ƙofa. Na ga yara masu hazaƙa sun ƙi karɓa sun taka da ƙafa zuwa titi neman adaidaita. Na ga waɗanda haihuwa ko jinyar uwa ta sa suka karɓa, kuma daga ranar tambayarsu ta yi laushi. Duk lokacin da masu tashoshi suka zauna taron ɗa'ar aikin jarida, ina so wannan ya zama batu na farko a takardar.