Godiya ga jama'ar Maradi bayan wasan Jatau ɗan dako

Assalamu alaikum. A madadin ƙungiyarmu ta 'yan wasan kwaikwayo, ina miƙa godiya ga duk wanda ya zo kallo daren Asabar, har gidan matasa ya cika maƙil. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Iyayen yara, ku ne kan gaba, don kun bar mana 'ya'yanku suna zuwa gwaji bayan an tashi lakwal. Sai telanmu na unguwar Zariya da ya ɗinka kayan soja bai karɓi ko dala ba, da dattijon nan na Tasawa da ya zauna da mu yana ba mu abin da ya ji daga bakin kakanninsa. Baba, Allah ya ƙara girma.

Jatau dai mu muka ƙirƙire shi, amma yaƙin gaskiya ne. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Vule da Shanwan ta ratso ƙasar nan za ta tafkin Cadi, tana ƙone garuruwa tana kama mutane dako. Ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, ta yi ɓarna mai muni a Birnin Ƙonni, kuma cikin watan Yuli sojojinsu ne da kansu suka harbe Vule da Shanwan a Maijirgi, nan cikin jiharmu.

Wasu sun tare ni bakin ƙofa suna cewa: "Malam, ina jarumtar? Ko kibiya ɗaya bai harba ba!" Na ji daɗin tambayar. Da gangan muka fara da shi matsoraci, wanda ƙarar bindiga ke sa ya zube da kayan da ke kansa. Abin da ya fara sauya shi ƙishirwa ce: an ɗaure shi igiya ɗaya da wani tsoho, sai ya riƙa ɓoye masa ruwa a gora. Da ya ga an kwana ba a gane ba, ya yi wa tafinta ƙarya kan inda rumbunan gero suke. Daga ƙarshe ya kwance yarinya cikin dare, shi kuma ya ƙi gudu, don ya san in an ƙirga an rasa biyu tsohon ne zai sha bulala. Har labule ya sauka gwiwarsa ba ta daina rawa ba, kuma mu muka ce wa yaron da ya fito a Jatau kada ya bari ta daina. Ɗana, ka fidda mu kunya.

Mutanen Tasawa sun nemi mu kai musu wasan. In mota ta samu za mu sanar. An kuma tsinci kallabi da takalmin yaro, mai su ya zo wurin maigadi.