Ƙarshen damina a lambun dashe

Sana'ata renon itatuwa. Ina da ɗan lambu a gefen fadamar Rima, bayan garin Sakkwato, inda ni da yaran aikina muke ɗura ƙasa da taki a baƙar leda, mu raini mangwaro mai aure, gwaba, lemu, zogale da dogon yaro. Kasuwarmu ta Yuli da Agusta ce, lokacin malka. Da Satumba ta kama sai ciniki ya fara ja da baya, domin duk mai hankali ya san ruwan Sakkwato ba ya wuce wannan wata da nisa. Wanda ya zo a makare ina sayar masa, amma sai na tambaye shi ko yana da rijiya ko burtsatse. In babu, gara ya haƙura sai baɗi, kada ya binne kuɗinsa.

Raguwar masu saye ba ta nufin hutu. A wannan lokaci saiwa kan huda gindin leda ta kama ƙasa, dole a bi layi-layi ana ɗagawa, ana datse saiwar da wuƙa, ana gusar da ledar. Nan ake ganin mazauna lambun. Ka ɗaga leda ɗaya ka tarar da kwaɗo ya yi ɗan gurbi a danshi, ya zuba maka ido, ko motsi ba zai yi ba. Ta gaba ƙadandoniya ce ta nannaɗe, ta gabanta kuma kunama da wutsiya a sama. Shi ya sa ba mai taɓa leda a lambuna sai ya sa takalmin roba, ya fara turata da sanda. Inda kwaɗi suka taru maciji ba ya nisa, kububuwa kuwa ba abar wasa ba ce. Na gaya wa yaran, in tsautsayi ya faɗa, asibiti kai tsaye, ba tsaga ba ɗauri.

Sabon yaro kullum hannunsa na kan kwalbar feshi. Wani ya taɓa zuwa mini da ganyen lemu duk an cinye, yana cewa, “Baba, mu yi feshi mu huta mana.” Na ce ya duba da kyau. Tsutsar tana nan kwance a bayan ganye, baƙi da fari kamar kashin tsuntsu, ta malam-buɗe-littafin nan ce mai ɗigon rawaya da ke yawo kan lemu. Da hannu ake tsince ta, a watsa wa kaji. Maganin kanti zai kashe ta, amma zai haɗa da zumar da ke bin furen gwaba, ya kori kwaɗi da hawainiya da ƙadangarun da ke yi mini gadin dare da rana ba na biyan su ko sisi. Bushiya ma, da yaran ke son gasawa, ƙwari take ci, saboda haka na hana. In abin ya yi yawa, 'ya'yan dogon yaro muke dakawa, mu jiƙa su kwana, mu tace mu fesa da maraice.

Ba kowa nake yi wa uzuri ba. Gara da kurege da gafiya, tsakanina da su babu sulhu. Kurege kan tono ƙwallon mangwaron da aka shuka, gara kuma ta bi takin da bai ruɓe sosai ba ta ci saiwa, sai dai ka wayi gari ka ga dashe ya langaɓe. Tsuntsun jan-baki bai dame ni ba, amma maƙwabtana masu gero da shinkafa a fadama ba sa barci idan ayarinsa ya sauko, tun asuba yara na kaɗa gwangwani.

Kogin ne dai abin da ba mu da iko da shi. Duk wanda ke fadamar nan bai manta Satumbar 2010 ba, lokacin da ruwa ya taho daga madatsar Goronyo ya shafe gonaki, har ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Tun daga nan, da Agusta ta raba nake kwashe masu aure, waɗanda suka fi tsada, in kai su kan tudu. Dogon yaro da zogale su zauna a ƙasa, asararsu da sauƙi.

Shamuwar da ta yi sheƙa kan kukar bakin hanya ta kusa tafiya, gawon da ya tsaya tsirara duk damina kuma zai fara toho nan gaba kaɗan. Wannan makon za a gyara injin ban-ruwa, a kafa rumfar zana kan ƙananan lemu, a kuma yi cinikin takin tumaki tun manoman albasa ba su tada masa farashi ba.