Ƙugun allon zamiya da taurinsa: yadda muke zaɓar wa mai saye

Asalin sana'armu kayan sanyi ce. A Jos na koye ta, a Kasuwar Katako, inda ake kwance dilolin gwanjo da asuba kowa na wawason rigar da ta fi kauri. Yanzu shagon yana Wuse, a nan Abuja, kuma masu zuwa wurinmu ba hunturu suke gudu ba. Yawancinsu ɗalibai ne masu tafiya Kanada ko Turkiyya, sai iyalai masu hutun Disamba a Dubai. Ta hannunsu allunan zamiya a kan dusar ƙanƙara, waɗanda ake ɗaura ɗaya a kowace ƙafa, suka shigo harkar. Ni kuwa na san wasan tun ina karatu a Kayseri, garin da ke gindin dutsen Erciyes a Turkiyya. Ba ma tara allunan a shago. 'Yan samfura ne a jingine a bango, saura sai mun tattauna da mutum mu yi masa oda, a kai masa can inda yake.

A jikin kowane allo akwai lambobi uku, misali 128-94-118. Faɗin hanci ne, da na ƙugu, da na wutsiya, duk a milimita. Ta tsakiyar ita ce abin dubawa, domin a kanta ƙafa take. Allon da ƙugunsa bai wuce 70 zuwa 80 ba na hanyar da mota ta daddaɓe ne, dusar ta yi tauri: da ka karkata gwiwa kaɗan bakin ƙarfen da ke gefen allon ya kama. Daga 110 zuwa sama kuma na sabuwar dusa ne mai zurfi, wadda ba a taka ba, inda faɗin ke hana mutum nutsewa. Kamar tayar babur ce, mai faɗi ta fi a yashi, siririya ta fi a kwalta. Tsakanin 85 da 100 ne ake samun allon da zai zaga dutse ko'ina ya kuma shiga filin tsalle-tsalle, kuma nan ne mafi yawan cinikinmu yake.

Matsalar ita ce bidiyo. Yaro ya ga wani yana saukowa daga dutsen Alaska, dusa na tashi har kansa, sai ya ƙudurta irin wannan allon yake so. Kwanaki wani Alhaji ya zo da ɗansa mai karatu a Kalgari ta Kanada, yaron ya miƙo mini waya da hoton allo mai ƙugu 116.

"Ina kake zuwa zamiya a ranakun mako?" na tambaye shi.

Ya ce wani tudu ne a cikin gari, dusar inji ake fesawa, da dare ake yi a ƙarƙashin fitilu, kuma shi kan ƙarafa da tsalle yake koyo.

Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, wannan da ya nuna zai wahalar da shi ne kawai. A kan dusa mai tauri, allo mai faɗi sai ya karkata sosai kafin bakinsa ya kama, gwiwa ce ke biyan kuɗin. Ga nauyi idan ya tashi sama zai juya."

Alhaji ya dubi ɗan ya ce, "To ka ji. Ni dai kuɗin nawa ne?" Muka tsaya a kan allo mai ƙugu 92.

Faɗi ke nan, shi da sauƙi tunda a rubuce yake. Tauri ne babu lambar da kamfanoni suka haɗu a kai. Abin da wannan ya kira matsakaici, wancan zai kira shi mai laushi, don haka hannu muke sa wa. A kafa wutsiyar allon a ƙasa, a riƙe hancin da hannu ɗaya, a danna ƙugun da tafin ɗayan, a ga yadda yake lanƙwasa da kuma yadda yake dawowa. Wani yana dawowa da ƙarfi har ya buge tafin hannu, wani a hankali. Sai a gwada hancin shi kaɗai, a gwada wutsiyar ita kaɗai, domin allo ɗaya kan yi laushi a hanci da wutsiya ya yi tauri a ƙarƙashin ƙafa. Daga ƙarshe a matse shi tsakanin gwiwoyi a murɗa, kamar za a matse wanki. Wanda ke murɗuwa cikin sauƙi ba zai riƙe ƙanƙara mai santsi ba, komai kaifin bakinsa.

Abin da ke ciki ne ke kawo bambancin. Zuciyar allon katako ce, wani mara nauyi wani mai nauyi, an lulluɓe ta da zaren gilas ko na kabon. Waɗanda aka yi don gudu kan ƙara musu siririn falle na ƙarfen alminiyam, ɗaya ko biyu. Wannan ƙarfen ne ke shanye karkarwa idan ana sheƙa gudu a kan dusar da ta daskare ta yi gargada. Amma ka ba mai nauyin kilo 55 irin wannan allon, ba zai iya lanƙwasa shi ba, allon ne zai riƙa jan sa. Shi ya sa muke da sikeli a shago, kuma ba ma yarda da "ai ina kai saba'in". Allon da ya yi wa ƙato laushi, ga siririn yaro sanda ce.

A filin tsalle-tsalle ma ba abu ɗaya ake nema ba, kuma nan ne nake ɓata lokaci da mutum. Mai son hawa bututun ƙarfe da akwatuna, yana danna hanci ko wutsiya yana juyi a hankali, laushi yake buƙata. Mai son manyan tsalle kuwa, idan allonsa ya cika laushi, ranar da ya dira da nauyinsa a baya wutsiyar za ta naɗe ta zame masa. Shi sai mai ɗan tauri. Duk su biyun wutsiyar allonsu a ɗage take kamar hancin, don a iya tafiya da baya. Kamfanin Salomon ne ya yaɗa wannan ƙirar da allonsa mai suna 1080 a 1998, kuma sai a gasar Olamfik ta Sochi a 2014 wasan ƙarafa da tsalle na masu allo biyu ya samu shiga.

A ganina, wanda allo ɗaya zai iya saye, kuma yana son filin tsalle da sauran dutsen, ya nemi ƙugu 90 zuwa 96, mai tauri a tsakiya da ɗan laushi a hanci da wutsiya. Ba zai fi kowa a ko'ina ba, amma ba inda zai kunyata. Sai dai a san cewa hawa ƙarfe na cin bakin allo. Masu hawa bututu da kansu suke dakushe kaifin ƙarƙashin ƙafa da magagari don kada ya kama ya kayar da su, kuma allon da aka yi wa haka ya rage riƙo a kan ƙanƙara ke nan. Haka ma wurin ɗaura mariƙin takalmi: ɗan filin tsalle a tsakiyar allo cif yake so, mai zaga dutse kuma a ja masa baya da 'yan santimitoci. Mai haɗa biyun mukan ce a tsaya tsakani. Birkin mariƙin, mai tsayar da allo idan ya fita daga ƙafa, shi ma dole ya dace da ƙugun, ya yi daidai da shi ko ya ɗara kaɗan. Saitin yadda mariƙin ke sakin takalmi idan an faɗi ba ma taɓa shi a nan. Aikin masu gyara ne a can, da nauyin mutum da tsawonsa da takalminsa a gabansu.

Da yawa daga masu tambaya ba ma sayar musu da allo sam. Iyalin da za su je Ski Dubai, wurin zamiyar da ke cikin katafaren kanti tun 2005, ko su yi mako guda a dutsen Uludağ kusa da Bursa a Turkiyya, haya ta fi musu, tunda ana bayarwa a wurin kuma ana canzawa idan bai dace ba. Su safar hannu da tabarau da rigar ciki mai riƙe ɗumi muke haɗa musu. Ribar ba ta kai ta allo ba, amma suna dawowa.

Ga ɗalibin da ya riga ya yi sanyi ɗaya ko biyu yana haya, ya san irin dusar garinsa, mukan ce ya jira Maris ko Afrilu. Lokacin ne shagunan Turai da Kanada ke karya farashin kayan bana don su samu wurin na baɗi, kuma da yadda canjin dala yake, wannan ragin ba abin rainawa ba ne. Kafin nan ya turo mana nauyinsa, tsawonsa, lambar takalminsa, da sunan tudun da ya fi zuwa.