Murfin tanki da abin da tsohuwar akori-kura ta koya mini

Shekara shida na yi ina koyon kanikanci a wani gareji da ke Jega, kuma mafi yawan motocin da suka biyo ta hannuna tsofaffin akori-kura ne: Peugeot 504 irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, da Hilux ta da mai kafireto, wato na'urar da ke gauraya mai da iska kafin su shiga inji. Su ne ke kwaso albasa daga Aliero, su kai buhunan shinkafa Birnin Kebbi, su gangara Koko da Yauri da lodin da ya fi ƙarfinsu. Masu su ba attajirai ba ne. In mota ta kwana biyu a gareji, tukunyar gida ce ke jin jiki.

A shekarata ta uku wani dattijo ya kawo 504 ɗinsa. Ya ce in ya tashi da safe lafiya lau take, amma da ya yi tafiyar rabin awa sai ta fara shaƙewa, ta yi ta fizga, ta mutu. In ya zauna gindin itace ya huta, sai ta tashi kamar ba ita ba. Maigidana ya tafi Sakkwato sayen kaya, ni ne babba a wurin. Na kwance kafireto na wanke da fetur, na hura jet, na mayar. Washegari ya dawo. Na canza filogi huɗu da kwantak da kwandansa, wato kayan ɓangaren wuta. Ya sake dawowa. Sai na ce masa famfon mai ne ya gaji, ya je ya ranto kuɗi ya sayo sabo. Kwana biyu bayan haka aka jawo motar da igiya, albasarsa ta yini cikin rana a bakin hanya.

Ranar ce maigida ya dawo. Bai ko ɗaga bonet ba. Ya shimfiɗa wa dattijon tabarma ya ce, "Baba, tun yaushe ta fara?" Ya ce tun bayan Babbar Salla. "Me aka taɓa mata kafin nan?" Ya yi shiru yana tunani, can ya ce ba komai, sai dai murfin tanki da ya faɗi a hanya, ya sayi wani a kasuwa, da ya ga bai kama sosai ba ya naɗa masa leda. Maigida ya sa aka tayar da mota, muka zagaya da ita har ta mutu, sannan ya kira ni ya ce, "Kawo kunnenka nan." Ya murɗe murfin, na ji tankin ya ja iska, fuuu.

Tanki yana numfashi. Duk man da famfo ya zuƙa, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa, in ba haka ba tankin zai riƙe man ya hana shi tafiya. Ledar nan ta toshe kafar iskar. Hutun da dattijon ke yi gindin itace shi ke ba iska damar sulalewa ciki kaɗan-kaɗan. Maigida ya mayar masa da kuɗin aikin da na karɓa, famfon kuwa ya riga ya saya. Har yau ina jin nauyin bashin da na sa bawan Allahn nan ya ci, domin amsar tana bakinsa tun ranar farko, ni ne ban tambaya ba.

Daga nan na koma bin mota a jere. Injin fetur abu uku yake nema: mai, wuta, iska. Sai na tabbatar wanne ne ya yanke kafin in taɓa sifana. A cire wayar filogi a kusanta ta da jikin inji a yi kik: in tartsatsin shuɗi ne mai ƙarfi, a bar ɓangaren wuta a koma kan mai. Lokacin hunturu kuma, kafin a zargi kafireto da shan mai da baƙin hayaƙi, a buɗe matatar iska, sau da yawa ƙura ce ta cika ta fal.

Ɓangaren wayarin ya fi cin kuɗin mutane a banza. Direba zai murɗa makulli ya ji ƙas-ƙas, nan take ya ce batir ya mutu ko kik, na'urar da ke juya inji ya tashi, ya ƙone. Kunna fitilar gaba tukuna, sannan ka murɗa. In hasken ya dushe sosai, wuta ce ba ta isa ba: ko batir ya yi sanyi, ko kawunansa sun yi farin garin nan. In hasken bai motsa ba, nemi matsalar wajen kik da wayarsa. Ruwan zafi da ɗan kanwa suna wanke kan batir tas, a goge a ɗaure tam. Akwai kuma kakkaurar wayar da ke haɗa batir da bodi da inji, wadda tsatsa ke ci a ɓoye, ita ce ke sa fitilu su yi ta wasa kamar motar na da aljanu. Da na sayi mitar auna ƙarfin wuta sai aikin ya ƙara sauƙi: lafiyayyen batir a kashe yana nuna kusan volt 12.6, in inji na aiki ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4. In bai kai ba, a fara danna fanbel da yatsa a ji ko ya saki, kafin a ce caja mai cika batir ce ta lalace.

Abu ɗaya ne ba na yi wa kowa uzuri a kai, wato ɗaure fiyus da waya. Fiyus yana ƙonewa ne don ya ceci sauran wayoyin, in ya sake ƙonewa to akwai wayar da ta fige tana taɓa ƙarfe, ita za a nemo. Na ga akori-kurar da wayarinta ya narke ƙurmus saboda wannan dabara, Allah ne ya kiyaye wutar ba ta kai tanki ba.

Zafin inji kuwa, a watan Afrilu da rana ke dukan ƙasar Kabi, yawanci lagireto ne, ma'ajiyar ruwan da ke sanyaya inji: ƙaiƙayin shinkafa ya toshe shi daga waje, ruwan rijiya ya bar masa datti a ciki. In an bar inji ya huce aka buɗe murfi, aka tayar aka ga ruwa na ta kumfa ba fasawa, to gaskit, shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya tafi.

Yanzu ina da nawa garejin da yara uku. Makon jiya ƙaraminsu ya ɗauki sifana zai hau wata Hilux da aka turo, na ce ya ajiye, ya ɗebo wa direban ruwa, ya zauna ya tambaye shi me aka taɓa mata a baya-bayan nan. Ashe wankin inji aka yi mata da safe, ruwa ya shige murfin distiributa, mai rarraba wa filogi wuta. Tsumma ya ɗauka ya goge, ta tashi a kik ɗaya.